Yadda Ake Riƙon Tsohuwar Mota Mai Jan Taya Huɗu

Motoci irin su Toyota Hilux da Land Cruiser, musamman Land Cruiser masu injin gas na 1HZ mai silinda shida da ya fara fitowa a 1990, sukan haura kilomita 400,000 suna aiki a hanyar Agadas ko ƙauyukan Yobe, amma galibi ba tsufan inji ne yake kwantar da su ba. Abin da yake cin su shi ne ƙura da zafi da kuma sakaci da sassan ƙasan mota, waɗanda mai ita ba ya gani sai ya shiga ramin bakanike.

A fara da ƙasan, domin nan ne aka fi mantawa. Ban da baƙin man inji, akwai mai a giyabos, akwai a ƙaramin akwatin da yake raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, sannan kowane aksil yana da nasa, kuma ya kamata a juye su duka a kusan kowane kilomita 40,000. Idan bakanike ya kwance noti, kada ka tafi shan shayi, ka tsaya ka ga abin da zai zubo. Man da ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara alama ce ta ruwa ya shiga, abin da yake yawan faruwa bayan an tsallaka rafi da damina, kuma barinsa a haka yana cinye haƙoran giya. A kan notin akwai maganaɗisu: ɗan laushin garin ƙarfe ba abin damuwa ba ne, amma in ka murza da yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa, to wani abu ya fara gutsurewa a ciki. Kafin a sauko da motar, a ɗura giris a duk gaɓoɓin furofela, wato sandar ƙarfen da take kai juyi zuwa aksil, har sai tsohon ya fito.

Giyar jan taya huɗu tana da ƙa'ida biyu da suke kama da masu karo da juna. A irin waɗannan motoci ba a sa ta a kan busasshiyar kwalta, saboda tayoyin gaba da na baya suna juyawa a ɗaure, in ba su sami ƙasa mai santsi ba sai ƙarfin ya koma kan ƙarafan. Amma kuma ba a barinta wata da watanni ba a taɓa ba. Sau ɗaya a wata a sa ta a hanyar burji a yi tafiyar kamar kilomita 16, don mai ya zagaya sassan gaba. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Game da inji, a yanayin ƙurarmu baƙin mai da filtarsa kada su wuce kilomita 5,000, kuma da hunturu a riƙa duba matatar iska kowane mako. Ba na goyon bayan hura ta da iska mai ƙarfi a wurin mai faci, domin takardar tana hujewa yadda ido ba zai gani ba, ƙura kuma ta wuce kai tsaye cikin inji. Wanda tafiya ta tilasta masa sayen gas a jarka, ya riƙa tsiyaye ruwan da yake taruwa a ƙasan filtar gas. Tayimin bel na 1HZ, wato bel ɗin da yake daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul na inji, a canza shi kafin ya wuce kilomita 100,000, tun da tsinkewarsa ana cikin gudu tana iya jawo sauke kan inji gaba ɗaya.

Sai batun lagireto, inda muke da al'ada biyu marasa kyau. Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na leda, wanda yake barin gishiri da tsatsa har hanyoyin ruwa su toshe. Ruwan sanyaya inji na kanti shi ne daidai. Ta biyu ita ce cire tamostat da hujjar wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, alhali shi ne yake tsayar da zafin inji inda ya dace. Idan allurar zafi ta fara hawa, a wanke lagireto, a duba fanka da murfi da robobin ruwa. Robar da ka matsa da hannu, inji a sanyaye, ka ji ta yi taushi ko ta kumbura kusa da maɗauri, a canza ta kafin doguwar tafiya, a ajiye wata da fambel a ƙarƙashin kujera.