Darasi na 6: Sana'a a ɗaki ga kuma ƙananan yara

Toh 'yan'uwa, darasin yau na masu neman na kansu ne a cikin gida, mai keken ɗinki, mai lalle, mai haɗa turaren wuta da humra, mai fura ko funkaso tana tallatawa a WhatsApp. A Makka da Jidda, daga Shara Mansur har Karantina da Sabil, yawancinmu haya muke, ɗaki biyu da ɗan kicin, babu tsakar gida irin ta Kano ko Damagaram da zaki ce wa yaro jeka kayi wasa, ga zafin da in bazara tayi yana haura digiri 40, waye zai saki ɗansa a titi da rana tsaka? Kenan inda keken yake nan yaron yake.

Kafin ki ce wa kowa "Hajiya gobe zaki samu", zauna ki ƙirga awannin da suke naki na gaskiya. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, to cikin wannan barcin nasu ne zaki tsinci naki lokacin, bayan Asuba kafin su tashi, da bayan Azahar in an kunna mukayyif, wato AC, ɗaki yayi sanyi. Bayan Isha ma akwai, amma fa kar ki maida shi al'ada, mai kwana kan keke ita ke yanka yadin mutane ba daidai ba.

Mu gwada lissafi. A ce kina samun awa 4 kullum daga Lahadi zuwa Alhamis da manyan suke makaranta. 4 sau 5, awa 20 kenan. In riga ɗaya tana cin awa 3, riga 6 zaki gama da ragowar awa 2. Ni dai shawarata ki karɓi 5, saboda zazzaɓi da haƙori basa sallama kafin su shigo. Juma'a da Asabar kowa na gida, kar ki sa ranar karɓar kaya a ciki. Da azumi da gabanin Hajji aiki ke yawa, nan ne ma ake zubar da mutunci da alƙawarin da ya fi ƙarfin mutum.

Sai ki raba aikin kashi biyu. Duk abin da ke da wuta ko kaifi ko guba, suya, garwashin turare, guga, yanka da almakashi, kwaɓa baƙin lalle, a bari sai sunyi barci ko wani babba ya riƙe su. Amsa saƙo, ninke kaya, ƙulla leda, wannan ki yi suna zaune kusa dake. Baƙin lalle ɗin nan na rini guba ne sosai in yaro ya sha, haka Clorox (bilicin wanki) da kalanzir, dan Allah kar a zuba su a robar ruwan sha, a ajiye sama a rufe. In har ya sha kar ki sa shi amai, ɗauki robar ku tafi asibiti. In ƙuna ce a sa wurin ƙarƙashin famfo, ruwa mai ɗan sanyi minti 20, banda ƙanƙara banda man goge baki. Allura da maɓalli da ƙaramin batir a gwangwani mai murfi. Bokitin ruwa ma a kife shi, mai rarrafe yana iya nutsewa cikin ruwa kaɗan.

Maganar miƙa wa yaro waya don a samu sakat kuwa, mun san dalili, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai shekara 2 ba gara a raba shi da kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana. Tara masa ƙyallayen da suka rage da murafan roba a kwando guda, sai lokacin aiki kawai ake fito dashi. Ku yi karɓa-karɓa da maƙwabciya, yau ta riƙe naki awa 2 gobe ki riƙe nata. Maigida ma in ya dawo a faɗa masa kai tsaye, Baban yara ɗan fita dasu bakala (shagon unguwa) in ƙarasa wannan. Babbar 'yarki zata taimaka, amma ba a hana ta makaranta saboda raino.

Aikin gida: rubuta lambobin nan da manyan baƙi ki manna jikin firji, 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana, 937 shawarar likita. Sannan ki rubuta ranakun mako a littafinki, gaban kowace ki sa awannin da kika samu, ki haɗa jimla, ki raba da awannin da aikinki guda ɗaya yake ci, ki kawo amsar aji na gaba.