Yadda Ake Ɗaure Ƙudan Adams Mai Tsayayyun Fukafukai

Ƙudan da masu kamun kifin turawut ke kira Adams, wato ƙudan bogi da ake ɗaurawa a ƙugiya da zare da gashi don yaudarar kifi, Leonard Halladay ne ya fara ɗaure shi a 1922 a jihar Mishigan ta Amurka. Yawo yake a saman ruwa kamar ƙwaron gaske, shi ya sa kifi ke tasowa ya cafke.

Toh, ka samo ƙugiya lamba 14 ka maƙale ta a abin riƙewa, ka fara naɗa zare ruwan toka daga bayan idonta. Ka zaɓi kan gashin zakara wake-wake guda biyu, tsawonsu daidai da jikin ƙugiya, ka haɗa su baya da baya yadda za su buɗe waje.

Nan ne aikin yake wallahi. Ka ɗaure su wajen kashi ɗaya cikin uku daga ido, kawunansu na kallon gaba, sannan ka ɗaga su da yatsa ka tara zare a gindinsu ta gaba har su tsaya cak, ka ratsa zaren tsakaninsu kamar kana rubuta 8 don su rabu. In sun karkace ka warware ka sake, kar ka ji ƙyuiya, don karkataccen fiffike murɗe maka siririyar igiyar da ka ɗaura ƙudan a kanta yake yi wajen jifa.

Sai wutsiya, 'yan zaren gashi ja da wake-wake. Jiki kuma gashi ruwan toka, siriri, kar ka cika.

Ka naɗa gashin wuyan zakara biyu, ja da wake-wake, baya da gaban fukafukan, ka ƙulle a bayan ido ka ɗiga gam kaɗan.