Yadda Ake Tafiya Tafkin Tabalak Daga Sakkwato A Kwana A Tanti

Tafkin Tabalak yana jihar Tawa ne a Jamhuriyar Nijar. Ba na yin wannan tafiya sai cikin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Lokacin tafkin na cike da ruwan damina, sauro ya ragu, laka ta bushe. Da bazara ruwan yakan ja baya sosai, zafin ƙasar Adar kuwa ba na kwanan tanti ba ne.

Kafin ka sa ranar tashi, je tasha ka zauna da direbobin Illela da Kwanni ka ji halin da hanya take ciki a wannan makon. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya har zuwa Maris na 2024, abubuwa na sauyawa da sauri, ga kuma matsalar tsaro. In direbobi suka ce a dakata, ka dakata. Na taɓa fasa tafiya a kan maganarsu bayan na gama loda kaya.

Ka riƙe fasfo, katin rigakafin shawara, takardun mota na asali da inshorar da ke aiki a ƙetare. A iyaka za ka karɓi takardar shiga da mota wurin kwastan. Haɗa su duka a jaka guda kusa da kai, don jandarmomi za su yi ta tambaya. Ka canji sefa a Illela ko Kwanni, ka nemi ƙananan kuɗi saboda kuɗin hanya, ka kuma sayi layin wayar Nijar.

Ana idar da sallar asuba nake tayar da mota. Kware, Gwadabawa, sai Illela, wajen kilomita 85. In ka ƙetara Kwanni ka kama hanyar Tawa ta Badagishiri, nan za ka fara ganin tuddai masu jan dutse. A Tawa ka cika tanki da jarka, ka duba iskar taya, ka ci abinci. Daga nan saura kamar kilomita 50 a kan hanyar Agadas. Duk yadda za ka yi, ka isa kafin la'asar.

Da ka hango ruwa a ƙasan tuddai, zuciya za ta ce ka gangara ka kafa tanti. Kada ka yi. Wuce cikin gari tukuna, ka gai da mai gari, ka sanar da jami'an tsaro ko kai wane ne da kwana nawa za ka yi. Wannan ruwa yana da masu shi: masunta, masu garkar albasa, Buzaye da Fulani masu shayar da dabbobi. Zuwana na farko ban san haka ba. Na zaɓi wani fili mai kyau dab da ruwa, har na buga turaku, sai ga wani dattijo da sandarsa.

"Sannu da zuwa, yaro. Daga ina?"

"Daga Sakkwato, Baba."

"To, ɗaga kayanka. Nan mashaya ce. Da asuba raƙuma da shanu ta nan za su bi."

Shi ya kai ni wani ɗan tudu gindin bagaruwa, ya aiko jikansa da kifi soyayye. Washegari na tsaya ina kallon garke na tattake daidai inda na so kwanciya. Tun daga ranar nake tafiya da goro, sukari da ganyen shayi na gaisuwa. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Nemi wuri mai tudu da tauri, nesa da ruwa kamar taku ɗari biyu. Kada ka kai mota inda ƙasa ta yi baƙi ta tsage, samanta ne kawai ya bushe, ƙasanta taɓo ne. Ba wa gabas da arewa baya, ta nan iskar hunturu ke bugowa, sannan ka danne turaku da duwatsu. Share wurin da rana, ka riƙa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Sanyin asubar Tabalak yana shiga ƙashi, don haka bargo biyu, hular sanyi da man shafawa. Gidan sauro ma dole ne ko da ka ga kamar babu sauro. Ruwan sha ka zo da naka, aƙalla lita biyar ga mutum a rana, kuma ka hana yara wanka a tafkin saboda tsargiya. Na girki kuwa gawayi da ƙaramin murhu sun isa, kada ka sari icen mutane. Ni guzurina garin kwaki, ƙuliƙuli, kilishi da dabino, sauran kuma tarwaɗa ko karfasa daga hannun masunta in sun fito da hantsi.

Ranar komawa ka kashe wuta da ruwa, ka tattara ledoji ka tafi da su, akuya na cin leda ta mutu. Ka biya ta wurin mai gari ka yi sallama, ka kama hanya da wuri don ka ƙetare iyaka da rana tsaka.