Kafin ka yanki tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, ƙirga kwanakin

Da na zo gida Bauchi hutun babbar Sallah, muna zaune a majalisarmu ta wajen kasuwar Wunti bayan la'asar, sai ɗan ƙanwata da ya samu gurbin karatu a jihar Fulorida ta Amurka ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi wannan. Kwana uku a teku, har da ci da sha, kuma ka ga kuɗin kamar kyauta." Yaron bai ma ɗaure kaya ba, amma talla ta riga ta same shi. Na duba: tashi daga Miyami ranar Juma'a, dawowa Litinin da safe, tsakiyar watan Maris. Na yi dariya har mai shayi ya waiwayo, domin irin wannan tikitin ne sak na taɓa yankar wa surukata.

Duk ɗan Bauchi ya san Yankari biyu ce. Akwai Yankarin washegarin Sallah ko ta Kirsimeti, lokacin da ruwan Wikki ba masaka tsinke, kowa da rediyonsa. Akwai kuma ta ranar Talata da damina, kai kaɗai da birai. Ruwan bai canja ba, mutanen ne suka canja. Haka jirgin ruwan shaƙatawa yake. Jirgi ɗaya, ma'aikata ɗaya, abinci ɗaya, amma wannan makon gidan biki ne, mako mai zuwa kuma kamar zauren dattawa. Abu biyu ke yanke wannan hukunci: kwana nawa za a yi, kuma a wane wata.

Shekarata ta biyu a Amurka, surukar tawa, Hajiya, ta zo ganin jikarta. Da yarinyar ta haura wata shida, wanda shi ne mafi ƙarancin shekarun da yawancin kamfanonin ke karɓa, na ce bari in kyauta wa baiwar Allah, ta ga teku kafin ta koma. Na bi araha, na ɗauki na kwana uku zuwa tsibiran Bahamas a watan Maris. Ban san cewa a watan ne jami'o'in Amurka ke ba ɗalibai hutun mako guda na tsakiyar zango ba, kuma da yawa daga masu hutun nan Fulorida suke dosa. Tun jirgi bai bar gaɓa ba kiɗa ya karaɗe saman bene. Muka fito daga lif, muka faɗa tsakiyar samari da 'yan mata da kayan wanka, kowa da kofi a hannu. Hajiya na sanye da hijabi har ƙasa, carbi a yatsa. Ta sunkuyar da kai, ta ce wa ɗiyarta a hankali, "Ke, tambayi maigidan naki, ɗakin namu ta ina?"

A ɗakin nan ta yi kwana uku. Ɗaki ne na ciki marar taga, kuma ashe a ƙarƙashin filin rawa yake, don ban duba taswirar jirgin ba kafin in zaɓa. Mu ke kai mata abinci. Idan na fito da asuba in sha iska, sai in yi ta cin karo da masu komawa ɗaki, takalma a hannu, suna dafa bango. Hajiya ba ta ce uffan ba, kuma wanda ya san suruka ya san shirun ya fi faɗa zafi. Da muka sauka ta ce, "Allah ya yi albarka, mun ga teku." Ita da ba ta ga komai ba sai bango huɗu.

Ba laifin kowa ba ne sai nawa, domin lissafin a fili yake. Tafiyar kwana uku ko huɗu ita ce mafi araha, kuma idan ta faɗa ƙarshen mako mutum ba ya ma buƙatar neman hutu mai yawa a wurin aiki. Saboda haka ita ce ta matasa, da masu bikin zagayowar ranar haihuwa, da abokan ango ko ƙawayen amarya masu casun bankwana da zaman gwauro. Ga kuma tsarin da ake biyan kuɗin barasa dunƙule na kowace rana, a sha iya sha. Wanda ya biya kuwa sai ya fanshe kuɗinsa. Mutumin da ke da dare uku kacal ba ya ajiye komai sai gobe. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa gidan caca ma ya buɗe.

Idan tafiyar ta kai kwana bakwai, jama'ar sun sauya. Sai mai hutun mako guda da ɗan abin hannu, wato magidanta da iyalansu. Ana kiɗa, ana rawa, amma ba wanda zai iya kwana bakwai yana rakashewa, kuma hayaniyar kan tsaya a kusurwoyinta. Daga kwana goma zuwa sama kuwa, 'yan fansho ne suka fi yawa, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka ji tsit.

Wata ma yana da tasa rawar. Maris zuwa farkon Afrilu na ɗalibai ne, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, ka ga an haɗa ruwa da wuta. Yuni zuwa Agusta makarantun yara na hutu, jirgi ya cika da ƙanana. Wannan hayaniyar gidan suna ce, ta guje-guje da dogon layi a wurin abinci, kuma ni ban ƙi ta ba, don 'ya'yana sun fi jin daɗinta. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ga cunkoso ga tsada. Lokacin natsuwa shi ne bayan an koma makaranta a Satumba zuwa farkon Nuwamba, sai makonni biyun farko na Disamba, sai tsakiyar Janairu. Sai dai arahar Satumba da Oktoba tana da dalili: kakar mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika tana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kyaftin na iya sauya hanya ko ya tsallake tsibirin da ka ƙwallafa rai a kansa.

Idan da iyaye za ka tafi, ni Alaska nake zaɓa. Ana yin ta daga Mayu zuwa Satumba, yawanci kwana bakwai, a tashi daga Siyatil ko Bankuba ta Kanada. Sanyi kaɗai ya isa ya sa kowa ya suturta jikinsa, kuma mutanen da ke ciki sammako suke yi da tabaran hangen nesa don kallon dutsen ƙanƙara da manyan kifaye. Abin lura shi ne rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, isha'i kan yi nisa sosai.

'Yan'uwanmu na Ingila su ma haka abin yake. Gajerun tafiye-tafiye daga Southampton zuwa Beljiyam, Holan ko Faransa, na dare biyu zuwa huɗu, su ne na masu casu. Na mako guda zuwa gaɓar Norwe ya fi natsuwa, haka ma jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard da ke ketarawa zuwa Niyok cikin dare bakwai.

Maganar takardu kuwa kada ka yi wasa da ita. Bizar Ingila ba ta shigar da mai fasfon Najeriya ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Shengen, irin su Beljiyam, Holan, Faransa da Norwe, kuma idan ba ka da bizar ƙasar da jirgi zai tsaya, ana iya hana ka shiga tun a tasha, kuɗinka kuma ya tafi. Wanda ke zaune a Amurka ya tabbata bizarsa za ta bar shi ya dawo, musamman tun da a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya. Ɗalibi ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙetare na makarantarsu. Naman halal a nema tun lokacin yankan tikiti, in ba haka ba kifi da ganye za ka yi ta ci. Ka tafi da butarka da dardumarka, ka riƙa duba alƙibla a kowace salla domin jirgi juyawa yake yi. Ɗaki kuma ka zaɓi wanda samansa ɗakuna ne, ƙasansa ɗakuna.

Ɗan ƙanwar tawa ya gama saurare, ya sosa ƙeya, ya ce, "To Kawu, idan ni hayaniyar nake son gani fa?" Na ce shekarunka nawa? Ya ce sha tara. Na gaya masa yawancin manyan kamfanonin da ke tashi daga Amurka ba sa ba wanda bai kai 21 ba ɗaki shi kaɗai, sai da babba a tare da shi, kuma babban da yake da shi a Fulorida ni ne. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce wa mai shayi ya ƙaro masa madara.