Yadda Ake Shiga Gasar Rediyon Maikurowef a Ƙungiyance

Idan ku huɗu ne ko biyar, duk kuna da lasisin rediyon sha'awa, kuma kuna son shiga gasar zangunan maikurowef, wato mitocin rediyo masu tsawo sosai, inda tashoshi ke ƙoƙarin jin juna daga nesa don tara maki, to ku fara raba aiki tun kuna gida. Ni a ganina mai riƙe da makirfo shi ne mafi ƙarancin wahala a cikinku. Nasara tana hannun mutum biyu: mai juya dish, wato eriya mai siffar faranti, da mai ƙulla alkawari da sauran tashoshi.

Ku zaɓi gasa ɗaya ku karanta dokokinta har ƙarshe. Ta shiyya ta ɗaya ta IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, wadda ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, ana yin ta a ƙarshen makon farko na Oktoba, awa 24, daga ƙarfe 14:00 agogon UTC ranar Asabar. A can kowace kilomita tsakaninku da tashar da kuka haɗu da ita maki ɗaya ce. A Amurka kuwa ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasar, na da gasar 10 GHz zuwa sama a watannin Agusta da Satumba. Abin da za ku musanya a gasar Oktoba abu uku ne: rahoton ƙarfin sigina, lambar jeri da ke farawa daga 001 a kowane zango, da lambar wuri ta tsarin Maidenhead mai harafi da lamba shida. Da wannan lambar ake lissafa nisa, don haka kuskuren harafi ɗaya na iya ɓata haɗuwar gaba ɗaya.

Kada ku kwaso zango biyar a karon farko. Biyu sun isa: 1296 MHz da 10 GHz. Na farkon yana da sauƙin hali, eriyar Yagi ma tana yi, kuma a nan jama'a suka fi yawa. Na biyun shi ne zai koya muku aikin.

Wuri kuma, tudu ne wanda babu bishiya ko gini a gabansa ta wajen da tashoshi suka fi yawa. Ganye jiƙaƙƙe yana shanye siginar 10 GHz. Ku nemi izinin mai filin tun da wuri.

Yanzu batun dish. Mai faɗin santimita 60 a kan 10 GHz, siginar da yake harbawa faɗinta bai wuce digiri uku da rabi ba. Kamar leƙen mutum ne ta cikin bututu daga nesa: ka kauce kaɗan, babu shi. Saboda haka a kafa ƙafafun dish ɗin daidai da ma'aunin ruwa, a ɗaure su da abu mai nauyi saboda iska, sannan a sa faifan digiri a gindinsa. Ban yarda da kamfas kaɗai ba, domin ƙarfen mota da na sanda suna ruɗa shi, ga kuma bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta gaskiya. Abin da ya fi shi ne a nemo bikon, wato tashar da ke aika siginarta dare da rana daga sanannen wuri, a juya har sautin ya kai ƙololuwa, a daidaita faifan da kusurwarta. Daga nan duk kusurwar da kwamfuta ta ba ku za ta faɗa daidai. Wanda aka ba wannan aiki ya zama mai haƙuri, ya riƙa juyi a hankali, kuma ya sa abin ji a kunne don ya ji siginar da kansa, ba sai an yi masa ihu daga tanti ba. Kowa ya sani ba a tsayawa gaban dish lokacin da ake aikawa.

Transbata, na'urar da ke ɗaga siginar rediyonku daga 144 ko 432 MHz zuwa 10368 MHz, a ɗaure ta a jikin dish ɗin, domin doguwar waya a wannan zango tana cinye ƙarfin kafin ya isa. A kuma kulle ta da agogon 10 MHz mai bin GPS don kada mitarta ta kauce. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan a nan 10 kHz ne, ya isa ku wuni kuna neman juna a wurare daban.

Mai ƙulla alkawari yana zaune da kwamfuta a kan ON4KST, dandalin hira na intanet na masu rediyon sha'awa, ko da wani rediyo a 144 MHz. Shi zai ce wa ɗaya tashar: ga mitar da za mu haɗu, mu za mu fara aikawa minti ɗaya, ku ku saurara ku gyara dish, sannan mu juya. Iyakar aikinsa ke nan. Rahoto da lambar jeri dole a ji su ta iska. Idan aka tura su ta hira, haɗuwar ba ta halatta ba. Idan an gama da tasha a 1296, ya ja ta zuwa 10 GHz nan take tun eriya na fuskantarta. Ya kuma sa ido a kan AirScout, manhajar da ke nuna jirgin sama da zai ratsa tsakaninku, domin sigina na iya dukan jikinsa ta karkato zuwa ɗaya tashar na minti ɗaya ko biyu. Hadari ma haka ne: ku duka ku nufi gajimaren, ba juna ba. Murya tana dagulewa a irin wannan hanya, shi ya sa nake so a sami mai iya Mos, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka, ko da mutum ɗaya a tawaga.

Ku yi karɓa-karɓa da dare, mai rubuta rajista ya maimaita kowace lamba da ƙarfi kafin a saki tasha. Wani kuma ya ɗauki nauyin batir da man janareta shi kaɗai. Kafin ku nannaɗe kaya, ku kwafi rajistar a wuri biyu, ku fitar da ita a tsarin EDI, wato irin fayil ɗin da masu shirya gasar Oktoba ke karɓa, ku aika kafin wa'adin da dokokin suka sa ya cika.