Darasin Nazarin Fim a Makarantun Sakandare na Ingila: Bayani ga Iyayen da Suka Iso Kwanan Nan

Iyayen da suka sa 'ya'yansu a makarantun sakandare na Ingila sukan karɓi takardar zaɓen darussa idan yaro ya kai aji na 9, wato yana da shekara 13 zuwa 14, domin a nan ne ake tsayar da abin da zai karanta a aji na 10 da na 11 kafin ya zauna jarrabawar GCSE, wato jarrabawar da ake yi a ƙarshen aji na 11. Turanci da lissafi da kimiyya dole ne ga kowa, sauran kuwa zaɓi ne, kuma a wasu makarantu akan ga nazarin fim cikin jerin. Da yawa daga cikinmu mukan soke shi tun kafin a karanta bayaninsa, saboda a gida mun ɗauki kallon fim a matsayin abin da ke hana yaro karatu. Ina ganin ya kamata a san yadda darasin yake tukuna, domin rubutu ne ya fi yawa a cikinsa, kuma a kan wannan ya dace a gina shawarar karɓa ko ƙi.

A matakin GCSE, hukumar jarrabawa ta Eduqas ce ke shirya manhajar da makarantun Ingila suke bi, wadda aka fara koyar da ita a 2017. Akwai takardun jarrabawa guda biyu, kowace awa ɗaya da rabi, kowace kuma tana ɗauke da kashi 35 cikin ɗari na maki. Ta farko a kan finafinan Amurka take, inda ɗalibi zai kwatanta wani tsohon fim da wani na baya-bayansa, ya kuma san muhimman matakan tarihin sana'ar, kamar fara nuna hoto mai motsi ga jama'a a 1895 da shigowar magana cikin fim a 1927. Ta biyu ta shafi finafinan Birtaniya da na sauran duniya, har da waɗanda ba da Turanci aka yi su ba, kuma Tsotsi na Afirka ta Kudu da Wadjda na Saudiyya suna cikin waɗanda hukumar ta sa a jerinta. Malami ne ke zaɓar waɗanda ajinsa zai karanta daga cikin jerin.

Abin da ake nema a wurin ɗalibi ya wuce ba da labarin abin da ya faru a fim. Za a tambaye shi dalilin da ya sa darakta ya kawo kyamara kusa da fuskar jarumi a wani wuri, da abin da duhu ko haske ya ƙara wa ma'ana, da yadda sauti da tufafi da tace hoto suka haɗu suka sa mai kallo ya tausaya wa wani ko ya tsane shi, sannan ya danganta wannan duka da zamanin da aka yi fim ɗin da yadda aka nuna mata ko matasa ko talakawa a cikinsa. Duk wannan da biro zai yi shi a zauren jarrabawa, ba tare da fim ɗin a gabansa ba, don haka sai ya riƙe fitowa-fitowa a ka. Yaron da ya tashi yana kallon finafinan Kannywood da na Indiya yana sauraron manya suna muhawara a kan waƙa da rawa da tarbiyya ya riga ya san cewa fim yana ɗauke da saƙo, kuma wannan gata ne. Sai dai idan Turancinsa na rubutu bai zauna ba, zai sha wuya a nan kamar yadda zai sha a darasin adabi ko tarihi, saboda haka kada a zaɓa masa shi da tunanin cewa hutu ne.

Ragowar kashi 30 aikin hannu ne da ake yi a cikin shekarar karatu. Ɗalibi zai shirya ɗan guntun fim na minti biyu zuwa biyu da rabi, ko ya rubuta labarin fim na kalmomi 800 zuwa 1000 tare da tsarin yadda za a ɗauki wani sashe nasa, sannan ya haɗa da sharhi na kalmomi 750 zuwa 850 wanda zai auna aikinsa da na ƙwararru. Malamin makaranta ne ke ba da maki, hukumar kuma ta duba samfurin ayyukan domin ta tabbatar ba a yi sassauci ko tsanani ba. Dole makaranta ta sanar da ɗalibi makinsa kafin ta aika, kuma yana da damar neman a sake dubawa. A nan ina jan hankalin iyaye da yayye da babbar murya: ɗalibi yana sa hannu cewa aikin nasa ne, kuma idan aka gano wani ne ya rubuta masa, ko ya kwafo daga intanet ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ana iya soke makin gaba ɗaya. Taimakon da ya halatta shi ne ku ba shi wuri da lokaci, ku yarda ƙannensa su fito a fim ɗin idan ya nema. Ba sai kun sayi kyamara mai tsada ba, domin makarantu sukan ba da aron kayan aiki, kuma zaɓin rubutun labari ba ya buƙatar komai sai kwamfuta.

Batun da ya fi damun iyaye Musulmi da Kirista daga yankinmu shi ne abin da yaro zai gani. Hukumar BBFC ce ke raba finafinai bisa shekaru a Birtaniya, kuma wasu daga cikin na manhajar an ware su ne ga 'yan shekara 15 zuwa sama saboda zagi ko tashin hankali ko fitowar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, alhali wasu 'yan aji na 10 ba su kai 15 ba. Makarantu sukan aiko da takardar neman izini. Shawarata ita ce a daren da ake gayyatar iyaye domin zaɓen darussa ku je da kanku, ku nemi sunayen finafinan a wurin malamin, ku duba bayanin kowanne a shafin BBFC, wanda ke faɗin dalilin da ya sa aka ba shi wannan matsayi. Yin haka kafin zaɓe ya fi amfani, domin bayan an fara karatu da wuya malami ya sauya fim saboda ɗalibi ɗaya.

Wanda ya iso da yaro a tsakiyar aji na 10 ko farkon na 11 ya tambaya finafinai nawa aka riga aka gama da kuma ranar miƙa aikin hannu, saboda ana zauna jarrabawa a watannin Mayu da Yuni, sakamako kuma ya fito a Agusta bisa ma'aunin 9 zuwa 1, inda 9 ne mafi girma. Idan gurbin da aka rasa ya yi yawa, gara yaron ya ƙarfafa Turanci da lissafi, tun da wanda bai samu 4 a cikinsu ba sai ya ci gaba da karanta su bayan shekara 16.

Mai sha'awar ci gaba zai samu darasin a matakin A level, wato karatun shekara biyu da ke bin GCSE, inda a manhajar Eduqas takardun jarrabawa suke kai awa biyu da rabi, gajeren fim ɗin kuma minti huɗu zuwa biyar. A wannan mataki darussa uku kawai yawancin ɗalibai suke ɗauka, don haka wanda ke nufin likitanci ko injiniya ya fara duba sharuɗɗan jami'o'in da yake so kafin ya ba fim gurbi ɗaya. Wannan bayani duka na Ingila ne. Wanda ya sauka a Sikotilan zai tarar da wani tsarin jarrabawa dabam, sai ya nemi bayani a makarantar da yaronsa yake.