Yadda ake yi wa ƙaramar tankar wasan tebur fenti

A ma'aunin 1:72, wato an rage girma sau 72, tankar yaƙi ta Sherman ta Amurka tsawonta kusan santimita 8 ne kacal. Ƙusoshinta da marfinta ƙanana ne ƙwarai, fenti mai kauri kuwa binne su yake yi. Don haka sirrin aikin nan tsinka fenti ne.

Fara da wanke robar da ruwan sabulu, saboda maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. In ta bushe, fesa mata fentin shimfiɗa, wato na farko da sauran za su hau kai, daga tazarar santimita 20 zuwa 25. A Bauchi da sassafe ake wannan. In rana ta take, feshin kan bushe a iska kafin ya sauka, sai jiki ya yi gursa-gursa kamar an barbaɗa yashi. Lokacin hunturu kuma ka kifa mata kwano da zarar ka gama, don ƙura ba ta da tausayi.

Sai launin jiki: kore mai duhu ga Sherman da T-34 ta Rasha, ruwan ƙasa mai rawaya ga tankokin Jamus daga 1943. Ɗauki fentin akirilik irin na kamfanin Vallejo, ka tsinka shi da ruwa har ya yi kamar madara. Shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe tukuna. Na farko zai fito dabbare-dabbare, kada ka damu. Zafinmu na busar da fenti nan take, saboda haka ka jiƙa soso, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka riƙa dama fentin a nan.

Yanzu inuwa. Haɗa ɗigo ɗaya na fenti baƙi-baƙin ruwan ƙasa, ɗigo goma na ruwa, da ɗan mitsitsin sabulun ruwa, ka bi lunguna da gefen ƙusoshi kawai. Inda ya taru a fili, tsotse shi da buroshi, in ba haka ba zai bar tabo mai zobe.

Daga nan dangwali launi mai haske, ka goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafi kaifin gefuna a hankali. Nan tanka take fitowa, kuma wallahi nan ne daɗin aikin.

Sarƙar da tanka ke tafiya a kai, baƙi-baƙi da ɗan ja-ja na tsatsa. Laka kuwa, tankaɗe ƙasar tsakar gida, ka kwaɓa da farin gam na kafintoci, ka shafa ƙasan jiki da tayoyi.

Bari ta kwana, sannan ka fesa man kariya mara sheƙi, tunda hannu zai yi ta ɗaukarta a kan tebur.